Retablo: Zanen Waliyyai da Rayukan Purgatori a Ƙasar Meksiko

Retablo ƙaramin hoto ne na ibada da ake zanawa da fentin mai a kan fallen ƙarfe, wanda talakawan Katolika na ƙasar Meksiko suka riƙa ratayewa a ɗakunansu a tsawon ƙarni na 19. Galibinsu ba su kai kamu guda ba, wasu ma tafin hannu biyu sun rufe su. A kan wannan ɗan fili ne mai zane yake fitar da surar Yesu Almasihu, ko ta Maryamu, ko ta wani daga cikin waliyyan Coci, ko kuma ta matattu da ke jiran tsarkakewa kafin su shiga Aljanna. Wanda ya zana shi ba ya sa sunansa, wanda ya saya kuma ba ya tambaya. Abin da ake nema a wurinsa shi ne ya zama fuskar da za a dubi idonta a roƙi taimako ranar da ciwo ya kama yaro, ko ruwan sama ya ƙi zuwa, ko aka yi rasuwa a gida.

Sunan ya samo asali ne daga Latin, inda yake nufin abin da ke bayan teburin bagade. A Sifaniya, retablo shi ne wannan katafaren allon katako da aka sassaƙa aka shafe da ruwan zinariya, wanda ke tashi daga bayan bagade har ya kusa taɓa rufin coci. Sifaniyawa sun kai salon nan Meksiko bayan sun ci ƙasar a 1521, suka cika manyan coci-coci da shi. Masu hali kuma suka riƙa sa a zana musu ƙananan hotuna a kan tagulla ko kyalle don gidajensu. Talaka ba shi da kuɗin tagulla. Sai bayan da Meksiko ta sami 'yanci a 1821, tashoshin jiragen ruwanta suka buɗu ga 'yan kasuwar Birtaniya, sannan wani kaya mai araha ya cika kasuwa: siririn fallen baƙin ƙarfe da aka shafe da kuza, irin wanda ake yin gwangwani da fitila da shi. Ba ya da nauyi, almakashin maƙeri yana yanka shi, fenti yana kama shi, gara ba ta cin sa. Cikin 'yan shekaru sunan da aka sani da allon babban coci ya sauko ya zauna a kan wannan ɗan falle, mutane kuma suna kiransa lamina, wato falle kawai.

Cibiyar sana'ar tana tsakiyar ƙasar ne, a yankunan ma'adinai da noma na Zacatecas, Guanajuato, Jalisco, San Luis Potosí da Durango. Masu zanen ba su yi karatu a makarantar zane ta San Carlos da ke babban birni ba. A hannun uba ko maigida suka koya, kuma da yawansu suna da wata sana'ar da suke ci da ita. Daga hotunan bugu na takarda da ke yawo hannu zuwa hannu suke kwafo surar waliyyi, su rage abin da ya yi musu yawa, su ƙara abin da mai saye yake son gani. Launukan ba su da yawa: ja, shuɗi, rawaya, ƙasa-ƙasa, fari da baƙi. Wanda ya saba da zanen manyan gwanayen Turai zai iya ganin kamar hannun bai nuna ba, ƙafa ta gajarce, kujera ta karkace. Amma idan aka tsaya aka duba da kyau za a ga inda mai zanen ya zuba ƙoƙarinsa, wato fuska da hannuwa. Ido ne da tafin hannu suke magana da mai roƙo, don haka su ake ba lokaci, sauran jiki kuma a rufe shi da riga a wuce.

Tunda mafi yawan masu saye ba su iya karatu ba, kowane waliyyi da alamarsa ake gane shi, kamar yadda ake gane sarki da rawaninsa. Kowanne kuma da irin buƙatar da ake kai masa. San Antonio na Padua yana riƙe da jariri Yesu da farin fure, shi ake nema idan abu ya ɓace ko budurwa tana neman miji. San Ramón Nonato na masu naƙuda ne da ungozomai. San Pascual Bailón a madafa ake rataye shi, tsakanin tukwane. Santa Rita ta Cascia ita ce ta al'amarin da ya gagara. A cikin surorin Maryamu kuwa, wadda aka fi yawan zanawa a kan ƙarfe ita ce wadda ake kira Mafakar Masu Zunubi, tana rungume da ɗanta, dukansu biyu da kambi a kai.

Hoton San Isidro ya cancanci a tsaya a kansa. Isidro manomi ne ɗan ƙodago a gonar wani mai arziki kusa da birnin Madrid, Coci ta sanya shi cikin waliyyai a 1622. Labarinsa ya ce an kai ƙararsa wurin maigida cewa addu'a tana hana shi aiki, da maigidan ya je dubawa sai ya tarar da mala'ika yana huɗa a madadinsa. A retablo, Isidro yana tsaye a gaba, dogo, da malafa da sanda da jakar guzuri. A bayansa ga ɗan ƙaramin mala'ika riƙe da garma, bijimai biyu na ja, can nesa kuma ga ɗan coci fari. Girman kowane abu a hoton bisa darajarsa yake tafiya, shi ya sa bijimin bai kai gwiwar waliyyin ba. Gonar da ke ƙarƙashin ƙafarsa gonar masarar Meksiko ce, kayan jikinsa ma sau da yawa na mutanen karkarar ƙasar ne. Manomin da ya kai wannan hoto bakin gonarsa a watan Mayu, lokacin da ake zuba ido ga hadari, ɗan'uwansa yake gani a ciki.

Haka kuma Santo Niño de Atocha, wato Yesu yana yaro cikin shigar matafiyi: zaune a kujera, da hula mai faɗi, da sanda mai ɗaure da gora, da kwando a hannu. Labarin da ake bayarwa shi ne yana yawo da dare yana kai wa fursunoni abinci da ruwa. Babban wurin ziyararsa yana Plateros, kusa da Fresnillo a jihar Zacatecas, ƙasar ramukan azurfa, don haka ya zama na masu haƙar ma'adinai da 'yan kurkuku da matafiya.

A gida, ana jera hotunan nan a kan wani ɗan kanta ko tebur a kusurwar ɗaki, da kyandir da furanni a gabansu. Uwar gida ce yawanci ke kula da wurin. Dokokin gwamnatin Benito Juárez na 1859, waɗanda suka ƙwace kadarorin Coci suka rufe gidajen 'yan zuhudu maza, sun ƙara wa wannan kusurwa nauyi, domin ƙauyuka da yawa sukan daɗe ba su ga fada ba. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon retablo zai ga shaidar wannan zama a jikinsa: baƙin hayaƙin kyandir a ƙasa, ɗigon kakin zuma, ramin ƙusa a sama, da wurin da fenti ya kode saboda yawan taɓawa da sumbata.

Daga waliyyai sai a juya ga rukunin da ya fi kowanne taɓa zuciya, wato hotunan animas, rayukan da ke Purgatori. Ba za a fahimce su ba sai an san aƙidar da ta haife su. A koyarwar Katolika, wanda ya mutu cikin alherin Allah amma da sauran dauɗar zunubi a tare da shi, sai an tsarkake shi kafin ya ga Ubangiji. Wannan hali na tsarkakewa shi ne Purgatori. Duk wanda ya shiga cikinsa ya riga ya tsira, ba ya komawa wuta ta har abada, jinkiri ne kawai da raɗaɗi a gabansa. Kuma ba ya iya yi wa kansa komai, sai dai rayayyu su taimake shi da addu'a da sadaka da ibadar Misa. Wanda ya tashi cikin Musulunci zai iya tuna Barzahu, amma ba abu ɗaya ba ne: Barzahu zaman kowane mamaci ne, nagari da mugu, har zuwa tashin ƙiyama, Purgatori kuwa na waɗanda aka riga aka rubuta wa Aljanna ne kaɗai. Inda aka yi kusa shi ne yardar cewa addu'ar ɗa da sadakarsa suna isa ga mahaifin da ke kabari.

Yi wa matattu addu'a tsohon abu ne a cikin Kiristanci. Katolika suna kafa hujja da littafin Makabiyawa na biyu, babi na 12, inda shugaban yaƙi Yahuda ya tara kuɗi aka miƙa hadaya saboda sojojinsa da suka mutu. Wannan littafi ba ya cikin Littafi Mai Tsarki na Furotesta, kuma nan ne ɗaya daga cikin tushen saɓanin da ke tsakaninsu da Katolika. Odilo, wanda ya shugabanci gidan zuhudu na Cluny a Faransa daga 994 zuwa 1049, shi ya ware ranar 2 ga Nuwamba don tunawa da dukan matattu masu bi, ranar da har yau Katolika a Jos da Kaduna da Kafancan suke kiyayewa kamar na ko'ina. Masanin tarihi Jacques Le Goff ya nuna a littafinsa na 1981 cewa kalmar Purgatori a matsayin sunan wuri ba ta bayyana ba sai ƙarshen ƙarni na 12. Majalisar Coci ta Lyon a 1274 da ta Florence a 1439 suka tabbatar da aƙidar. Da Martin Luther ya tayar da rigima a 1517, cinikin takardun sassauci da ake cewa suna rage wa matattu zama a Purgatori ne ya fara sukar sa. Amsar Katolika ta zo a Majalisar Trent, wadda a zamanta na ƙarshe, cikin Disamba 1563, ta sake tabbatar da Purgatori, ta kuma halatta girmama hotunan waliyyai, tare da gargaɗin a guji camfi da neman kuɗi da sunan matattu. Hukunce-hukuncen biyu a zama ɗaya suka fito, kuma wannan Katolikancin na bayan Trent shi ne aka shuka a Meksiko. Kusan kowane coci ya sami bagaden animas da ƙungiyar 'yan'uwa masu tara kuɗin Misar matattu, da almuru kuma a kaɗa ƙararrawa ta musamman don a tuna da su.

Tsarin hoton animas hawa-hawa ne. A ƙasa harsunan wuta ne, ja da rawaya, an zana su kamar ganyen dawa. A cikinsu mutane ne tsirara, wuta ta rufe su zuwa ƙugu, hannuwansu a haɗe ko a ɗage, idanunsu duka a sama. Babu shaiɗan ko ɗaya a wurin, babu ƙugiya, babu cizon haƙora. Fuskokin a natse suke, wasu da hawaye, kuma wannan natsuwa ita ce ke raba hoton Purgatori da na Jahannama a kallo ɗaya. Duk da tsiraicin, mai zane yakan bar wa wasu abin da za a gane su da shi: wannan da kambin sarauta, wancan da doguwar hular bishop, ga wani da askin fada a tsakar ka, a gefensu tsohuwa da saurayi da manomi, kafaɗa da kafaɗa. Talakan da ke aikin ƙodago a gonar mai gida duk shekara, ba a barinsa ya zauna inda manya suke zama, yana shiga coci ya ga sarki da bishop a cikin wuta ɗaya da irinsa. Malaman Coci ba su hana wannan zane ba, domin gaskiyar aƙidarsu ce.

A hawa na tsakiya masu ceto ne. Mala'ika Mika'ilu yana riƙe da ma'auni. Wani mala'ikan ya kama hannun wanda kwanakinsa suka cika yana jan sa sama, a wasu hotunan har an yafa masa farin mayafi. San Francisco yakan sauko da igiyar ɗamararsa don a kama. San Nicolás na Tolentino, ɗan zuhudun Italiya da ya rasu a 1305, shi ne aka fi sani da majiɓincin waɗannan rayuka. A can ƙoli kuma Almasihu ne a kan gicciye, wani lokaci mala'iku suna tarar jininsa a ƙoƙo suna zubawa a kan wutar. Wadda ta fi kowa bayyana a wannan matsayi ita ce Maryamu ta Dutsen Karmel, cikin riga ƙasa-ƙasa, tana miƙo eskapulariyo, wato 'yan ƙyallaye biyu da aka haɗa da zare ana ratayawa a wuya. An daɗe ana yaɗa cewa wanda ya mutu da shi a wuyansa za ta fitar da shi ranar Asabar ta farko bayan mutuwarsa. Takardar da aka jingina wa Paparoma Yohanna na 22 a kan wannan alkawari, masana sun tabbatar ba ta inganta ba, amma hakan bai rage wa hoton farin jini a ƙauyuka ba. Haka ma wutar kanta: Coci ba ta taɓa yanke hukuncin cewa wuta ce irin ta itace ba. Mai zane dai ba shi da wata hanyar nuna raɗaɗin jira sai ita.

Akwai sura guda da ta ware daga taron, ana kiranta Anima Sola, wato rai ɗaya tilo. Galibi mace ce mai dogon gashi, ita kaɗai a tsakiyar wuta, da mari a wuyan hannunta, sarƙar wani lokaci a tsinke, ta ɗaga hannu da ido. Ba a san sunanta ba, kuma ma'anarta ke nan. Ita ce mamacin da ba shi da kowa, wanda bai bar ɗa ko jika da zai sa a yi masa Misa ba, ko wanda danginsa suka manta. Mai gidan da ya rataye ta ya ɗauke ta riƙo ne, kamar yadda ake ɗaukar maraya. Yana yi mata addu'a yana kunna mata kyandir, da fatan ranar da ta fita ta isa gaban Allah za ta tuna da wanda ya tuna da ita. Alheri ne mai komowa, kowane ɓangare yana bin ɗayan bashi. A wasu ƙasashen yankin an shigar da surar cikin harkar tsubbu da asirin mallakar miji, abin da Coci ba ta yarda da shi ba, amma asalinta tausayi ne ga wanda aka manta, kuma da wuya a sami wani hoto a cikin wannan fanni da ya kai ta nauyi.

Wannan ɗabi'a tana da 'yan'uwa a Turai. A arewacin Fotugal akwai alminhas, ƙananan ɗakunan dutse a mararrabar hanya, da hoton rayuka cikin wuta a kan katako ko tayil, da rubutun da ke roƙon mai wucewa ya yi musu addu'a. A Galisiya ta Sifaniya ana kiran irinsu petos de animas, da ramin jefa sadaka a jikinsu. A birnin Naples na Italiya abin ya fi zurfi, inda mata suka riƙa zaɓar ƙoƙon kan wani mamaci da ba a san shi ba a maƙabartar Fontanelle, su goge shi su kula da shi, har sai da Kardinal Corrado Ursi ya hana a 1969.

Reshe na uku na sana'ar shi ne ex-voto, hoton cika alwashi. Wannan ba a ajiye shi a gida, wurin ziyara ake kai shi a liƙa a bango. Kashi uku yake da shi: abin da ya faru, kamar mai jinya a gado ko mahayin da doki ya kayar, waliyyin da aka kira, yana leƙowa daga cikin gajimare a kusurwar sama, sai rubutu a ƙasa mai faɗin ranar da wurin da godiyar mai abin, sau da yawa da kurakuran rubutu. Ɗakunan da ke gefen cocin San Juan de los Lagos a Jalisco da na Plateros cike suke da su. Ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da aka san sunansu a wannan aiki shi ne Hermenegildo Bustos na Purísima del Rincón a Guanajuato, wanda ya rayu daga 1832 zuwa 1907, mai sayar da ƙanƙara mai zaƙi ne kuma mai zanen fuskokin mutanen garinsu. A ƙarni na 20 labaran suka sauya: hatsarin mota, tiyata, ƙetare kogin Rio Grande. Masana Jorge Durand da Douglas Massey sun tattara na 'yan ci-rani masu zuwa Amurka suka wallafa a 1995.

A can arewa, a Sabuwar Meksiko, wadda yanzu jiha ce a Amurka, salon ya bi wata hanya saboda nisa da kasuwa. Masu zanen, da ake kira santeros, a kan allon itacen pine suke aiki. Su fere shi da gizago, su shafe shi da farar ƙasa da aka dama da danƙo, su yi zane da launin ƙasa da na tsirrai da aka jiƙa da ruwa, su rufe da ƙaron itace. Pedro Antonio Fresquís da José Rafael Aragón suna cikin fitattunsu. Isowar jirgin ƙasa a 1880 ta kawo gumakan filasta da hotunan bugu, sana'ar ta yi sanyi, sai daga baya kasuwar shekara-shekara ta Santa Fe, wadda aka fara a 1926, ta taimaka ta farfaɗo.

Abin da ya kashe kasuwar retablo na ƙarfe a Meksiko ma shi ne bugu. A ƙarshen ƙarni na 19 hotuna masu launi da injin Turai ke fitarwa dubbai suka shigo, sun fi araha, sun fi sheƙi, mai saye kuma bai ga dalilin jiran mai fenti ba. Ex-voto ne kaɗai ya tsira, tunda inji ba zai iya buga hatsarin da ya sami mutum ɗaya a rana ɗaya ba. Bayan juyin juya halin 1910, masu zanen zamani suka fara ganin darajar abin da ake raina wa. Frida Kahlo da Diego Rivera sun tara ɗaruruwan ex-voto, suna nan a bangon gidanta na Coyoacán, ita kanta kuma ta zana hoton ɓarin da ta yi a Detroit a 1932 a kan fallen ƙarfe bisa wannan tsari. Littafin Gloria Fraser Giffords na 1974 ya zama madogarar masu tantance surorin. Farin jinin ya zo da nasa lahani, domin an kwashe da yawa daga wuraren ziyara an sayar wa masu tarawa, an kuma riƙa ƙera na jabu ana jiƙa su don su yi tsatsa. Waɗanda suka rage a gidajen tarihi babban abokin gabarsu danshi ne: da zarar kuzar ta ƙuje, tsatsa takan shiga ta ƙarƙashi ta ɗaga fentin, don haka ake ajiye su a busasshen wuri, ba a kuma goge hayaƙin kyandir ɗin da ke jikinsu sai idan yana cin zanen.